Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙaramar Ministar Ilimi Kan Harsunan Mutanen Bakin Teku

Zuwa ga Mai Girma Ƙaramar Ministar Ilimi, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, da sauran mambobin Majalisar Ilimi ta Ƙasa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon Allah Ya taya ku riƙon wannan amana da aka ɗora muku.

Ni malamin firamare ne, haifaffen Yawuri a jihar Kebbi. Hidimar ƙasa ce ta kai ni ƙaramar hukumar Opobo/Nkoro a jihar Ribas, na cika shekarata, zama ya yi daɗi, na ci gaba da koyarwa. Yau na haura shekara ashirin a makarantun da sai da kwale-kwale ake isa gare su. Ina rubuta wannan wasiƙa da yawun wasu 'yan Arewa mazauna wannan yanki: malamai 'yan'uwana, da fataken banda da jatan lande waɗanda abincinsu daga hannun masuntan nan yake fitowa. Mun zauna mun tattauna, suka ɗora mini rubutun. Harsunan da za mu yi magana a kansu suna da masu su, kuma masu su sun daɗe suna kuka da bakinsu. Mu maƙwabta ne da muka ci abincinsu, muka sha ruwansu, aka haifi 'ya'yanmu a gabansu, shi ya sa muka ga wajibi ne mu ba da shaidar abin da idonmu ya gani. Na zaɓi Hausa don na san za ki karanta ba tare da tafinta ba, kuma don ina so mutanenmu na gida su ji, tunda akwai rabonmu a cikin maganar.

Abin da ya tayar da mu shi ne sanarwar da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya yi a Abuja cikin watan Nuwamba 2025, cewa bisa shawarar da Majalisarku ta yanke a taronta na jihar Ondo, an soke manufar koyar da yara da harshen uwa, Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga ajin rainon yara har jami'a. Manufar da aka soke ita ce wadda Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ita a ƙarshen 2022, zamanin da Malam Adamu Adamu yake Ministan Ilimi, wadda ta ce a koyar da yaro da harshen gidansu a shekaru shida na firamare. Kafin ita ma, tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara wa yaro karatu da harshen uwa ko harshen da ake yi a garinsu. Mun ji hujjar da aka kawo, wato yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB, da raunin Turancin ɗalibai. Raunin nan gaskiya ne. Mu ke riƙe da alli, mu muka fi kowa ganinsa. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yoyon da muke gani a nan bakin teku ba daga harshen uwa yake ba.

Kukanmu na farko: an yanke hukunci a kan abin da ba a gwada ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023 yana aji uku lokacin da aka yi sanarwar, ina shi ina zama jarrabawar WAEC? A nan yankinmu, waɗanda suka faɗi jarrabawar, da Turanci aka koyar da su tun daga ranar farko. A makarantun da na koyar, ban ga littafi ko ɗaya da harshen Obolo ko Ibani ko Nkoroo ya iso hannunmu a cikin waɗannan shekaru uku ba, ban kuma san malamin da aka horar don wannan aiki ba. Gwajin da aka taɓa yi da gaske a ƙasar nan shi ne na Ile-Ife, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970, inda aka koyar da yara darussa da Yarbanci shekara shida, aka ba Turanci malaminsa na musamman. Yaran nan ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa, a darussa da dama ma sun sha gabansu.

Ranki ya daɗe, ke malamar ilimin kimiyya ce kafin ki zama minista, don haka bari in ba ki labarin wata yarinya 'yar aji uku. Zango guda cur ban ji muryarta ba. Tana zaune a bencin baya, ƙafafunta da busasshen taɓo har ƙauri, in na tambaye ta sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin rigarta. Har na fara zaton akwai matsala a kunnenta. Rannan muka zo darasin halittun ruwa, littafin gwamnati ya zana kifi ɗaya da ƙaguwa ɗaya. Na gaji da magana ni kaɗai, sai na ce kowa ya faɗi abin da ya sani da harshen gidansu, wani babban yaro ya riƙa fassara mini. Yarinyar nan ta miƙe. Ta lissafa ƙaguwa iri biyar, kowace da sunanta: wadda ke haƙa rami a kan tudu, wadda ke iyo da faffaɗan ƙafafun baya, ƙaramar nan mai hannu ɗaya ƙato da ke fitowa cincirindo in ruwa ya janye, wadda ke hawa saiwar itace, da wadda ba a ci. Tana faɗa tana kwatanta tafiyar kowace da yatsunta a kan tebur, ajin ya yi tsit, daga baya ya kaure da gardama kan ko akwai ta shida. Abin da ta yi shi ne rarraba halittu gida-gida bisa siffa da mazauni, abin da za a zo a koya mata a sakandare da sunan sabon ilimi. Yanzu da aka ce Turanci zalla, malamin da ya yi abin da na yi ran nan ya saɓa umarni. Shugabannin makarantun da dama can suke cin yara tara ko su zane su in sun yi yaren gida a harabar makaranta kuwa, sun sami takardar da za su jingina da ita.

Kukanmu na biyu ya fi tsawo, domin shi ne abin da wanda bai zauna a nan ba yake wahalar fahimta: me ke cikin waɗannan harsuna da za a yi asararsa?

Hausa harshe ne mai arziki, amma arzikinsa na tudu ne da kogi. Muna da yayyafi da tsattsafi da mamako da marka. Muna da zango da maiwa da dauro. Masuntanmu sun san giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da gargaza da kurungu da minjirya, sun san inda ake jefa birgi da inda ake shimfiɗa mamari. A Yawuri kogi sau biyu yake kawo ruwa a shekara, farin ruwa na damina, da baƙin ruwa da ke tasowa daga tsaunukan Gini ya iso mana da sanyin hunturu. Da wannan sani na zo, ina ganin ni ɗan ruwa ne. Sai na tarar da ruwan da ke cikowa sau biyu, ya janye sau biyu, tsakanin yau da gobe. Inda ka ɗaure jirgi da safe, da azahar taɓo ne zalla. Kullum cikowar tana yin jinkirin kusan minti hamsin a kan ta jiya. In wata ya tsaya, ko ya kai goma sha huɗu, ruwa ya kan cika har ya taɓa gindin gidaje, ya kuma janye har ƙasan rafi ta bayyana. In wata yana rabi, ba ya cika sosai, ba ya janyewa sosai. Na nemi kalmomin wannan duka a Hausa ban samu ba, sai dai in yi ta kewaye kamar yadda nake yi yanzu. Turancin littafin firamare ma kalma biyu ko uku gare shi. Masunci a nan kuwa yana da sunan kowane mataki, kuma da sunan ne yake sanin ranar da zai kafa tarko a bakin rafi, da ranar da matarsa za ta shiga daji tsintar abin miya, da daren da kifin bonga ke matsowa kusa.

Mutanen Izon suna ce wa kogi toru, kifi indi, kwale-kwale aru. Itacen nan mai tsiro cikin ruwan gishiri, wanda saiwoyinsa ke saukowa daga jikinsa kamar ƙafafun gizo-gizo, angala suke kiransa, kuma da wannan suna zan ci gaba da kiransa tunda mu ba mu da namu. Dajinsa na Najeriya shi ne mafi girma a Afirka. Ƙananan dodon koɗin da ake sayarwa kwano-kwano a kasuwannin Fatakwal isam ake ce musu, a Kalaba da Uyo kuma mfi. Duk wanda ya san Fatakwal ya san Borikiri, kuma kiri ɗin nan da ke ƙarshen sunayen garuruwa da sansanonin masunta tana nufin ƙasa ko tudun da za a iya zama a kai, abu mai daraja a inda ruwa ya fi ƙasa yawa. Sunayen wurare a nan taswira ce. Dajin angala dubban lunguna ne masu kama da juna, babu dutse, babu tsauni, babu alamar hanya. Abin da ke raba wannan lungu da wancan shi ne suna, kuma sau da yawa sunan yana ɗauke da gargaɗi ko labari: nan ruwa ke juyawa, can ƙasa ke da yashi, wancan na gidan wane ne tun kakanni, ba a kamun kifi a ciki sai lokaci kaza.

Na ga ranar wannan da idona. Shekarun baya muka taso daga wani sansanin masunta da yamma, mu tara a jirgi mai inji, da buhunan banda na wani abokina falke. Direban saurayi ne, a Fatakwal ya tashi, yaren iyayensa sai dai gaisuwa. A cikinmu akwai wani dattijo da ya tsufa har idonsa ya fara hazo. Da muka kai wata mararraba dattijon ya ambaci sunan lungun dama, ya ƙara da wata kalma, ya maimaita har sau uku. Saurayin ya ce da buroka ya san hanya, ya karya dama don ta fi kusa. Ba mu yi minti goma ba inji ya fara haƙar laka. Ruwa yana janyewa, muna kallo yana zarewa daga ƙarƙashinmu, har jirgi ya zauna daram a kan taɓo. Ba a sauka, domin taɓon nan yana haɗiye mutum har ƙugu. Nan muka yi magariba da isha'i a zaune, sauro da wasu ƙananan ƙudaje masu cizo suka rufe mu, wata mata da jinjiri a bayanta ta lulluɓe shi da zane tana kuka ba sauti. Sai can cikin dare ruwa ya dawo ya ɗaga mu. Daga baya na tambayi abin da dattijon ke faɗa, aka ce sunan lungun kansa yana nufin wurin da ke bushewa da wuri, kalmar da ya ƙara kuma ita ce sunan matakin da ruwa yake kai a wannan sa'ar. Kalma biyu, da saurayin ya ji su da mun kwana a gida. Mu Allah Ya tsare. Da akwai mai naƙuda a jirgin, ko wanda maciji ya sara, da labarin ya sha bamban.

Kukanmu na uku: makarantar da ake koyon waɗannan kalmomi a da ta lalace, saura aji kaɗai ya rage, shi ne kuma aka rufe ƙofarsa. Ba a zaune a tsakar gida yaro ke koyon sunayen kifi da ruwa ba. Yana koyo ne a gaban kwale-kwalen ubansa yana kwalfe ruwa, ko a bayan uwarsa cikin dajin angala, taɓo har gwiwa, tana nuna masa inda isam ke kwanciya, da yadda ake ɓamɓare kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, daga jikin saiwa ba tare da an kashe itacen ba. Tsakanin saiwoyin nan ne ƙananan kifaye da jatan lande ke ɓuya har su girma su fita teku. Da itacen ake banda, shi ke ba kifi ƙamshin da fatakenmu ke ganewa tun kafin a buɗe buhu.

Tun da aka gano mai a Oloibiri a 1956 wannan daji yake shan wuya. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a watan Agusta 2011 ya ce gyaran ɓarnar zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, ya ba da shawarar a fara da dala biliyan ɗaya. A Nisisioken Ogale sun sami sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji a ruwan rijiya fiye da ninki 900 na ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. A Bodo, ƙasar masu jin harshen Gokana, malalar mai biyu da suka faro a 2008 sun kashe dajin da masunta sama da dubu goma sha biyar suka dogara da shi, sai a 2015 kamfanin Shell ya amince ya biya diyyar fam miliyan 55. Masu dafa ɗanyen mai a ɓoye cikin daji su ma sun ƙara nasu, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Wanda ya taɓa ganin dajin angala bayan mai ya bi ta kansa ba zai manta ba: kututture baƙi ƙirin a tsaye ba ganye, taɓo yana ƙyalli, babu tsuntsu, babu ƙaguwa, shiru kamar maƙabarta. Inda angala ya mutu kuma, wata irin kaba da ake kira nipa ce ke maye gurbinsa. Turawa ne suka kawo ta Kalaba daga Singafo a 1906, ta bi ruwa ta bazu. Ba ta da saiwoyin da kawa za ta maƙale, tana toshe ƙananan rafuka, kuma tsofaffin yankin ba su gaji komai a kanta ba.

To, in babu isam uwa ba za ta shiga daji ba, in ba ta shiga ba yaro bai bi ta ba, kalmar da zai koya a can ta tsaya a bakin uwar. Daga nan iyali su tattara su koma unguwannin bakin ruwa na Fatakwal neman abinci, yara su tashi da buroka. A yammacin gaɓar kuma teku ce ke korar mutane. Ayetoro, garin Ilaje da aka kafa a 1947, yana cikin jihar Ondo inda Majalisarku ta yi taronta, kuma teku ta riga ta cinye babban ɓangarensa, gidaje da makarantu. Duk iyalin da suka bar gaɓa, da kayansu suke tafiya, amma sunayen iska da igiyar ruwa ba su da amfani a tudu, ba sa kai jika.

Asarar nan har aikin gwamnati take shafa. Shirin HYPREP da aka ƙaddamar a Bodo a 2016 don gyara ƙasar Ogoni ya fara dashen angala a Bomu, kuma muna yaba wannan. Amma wa ya san wane irin itace ne yake a wane lungu kafin mai ya zo, ina ne ruwa ke da gishiri sosai, ina ne kifi ke zuba ƙwai? Tsofaffi ne suka sani, kuma da harsunansu na Gokana da Khana da Eleme suka san shi. Ko wajen biyan diyya, iyalin da za su nuna rafinsu na gado da sunansa za su nuna shi.

Kukanmu na huɗu ya shafi ƙananan harsuna. Hausa da Yarbanci da Ibo suna da gidajen rediyo da jaridu da fina-finai da sassa a jami'o'i, sashe na 55 na tsarin mulki ma ya ambace su da suna. Soke manufar nan zai ji musu ciwo, amma ba zai kashe su ba. A garin Nkoroo, cikin ƙaramar hukumar da na fara aiki, akwai wata unguwa da ake jin wani harshe mai suna Defaka. Masu iya shi ba su wuce 200 ba a ƙiyasin da masana suka yi shekaru da dama da suka wuce, yawancinsu tsofaffi, 'ya'yansu da Nkoroo suke tashi, ita ma Nkoroo masu jin ta 'yan dubbai ne. Masanin harshe Charles Jenewari ya nuna a 1983 cewa Defaka shi ne ɗan'uwa mafi kusa ga dangin harsunan Ijo baki ɗaya, waɗanda Izon da Nkoroo ke cikinsu, wato a cikinsa akwai mabuɗin tarihin yadda mutane suka fara zama a wannan gaɓa. Abin da ya burge ni da na fara jin labarinsa shi ne, kamar Hausa, yana bambanta "shi" da "ita", abin da Yarbanci da Ibo ba sa yi, aikatau kuma a ƙarshen jimla yake zuwa kamar na Barebari. Aikin naɗar Defaka da Nkoroo da Farfesa Akinbiyi Akinlabi da Bruce Connell da Farfesa Ozo-mekuri Ndimele suka yi, da kuɗin wata hukumar kimiyya ta Amurka aka yi shi. Muna gode musu, amma abin da ciwo a ce kuɗin ajiye muryar kakanninmu daga ƙetare zai zo.

A nan dole in faɗi rabonmu, mu masu jin Hausa. Kakata ta wajen uwa daga Gungawa take, mutanen tsibiran kogin Kwara a ƙasar Yawuri, masu harshen Reshe da muke kira Gunganci. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye tsibirai da yawa, aka kwashe mutane zuwa sababbin garuruwa a tudu. Kakata ta rasu da Gungancinta. Mahaifiyata tana ji ba ta mayarwa. Ni kalmomin da suka rage a bakina ba su cika tafin hannu ba, 'ya'yana ko ɗaya babu. Ba wanda ya hana mu da bulala, Hausa ce ta fi sauƙi a kasuwa da makaranta, muka bi. Haka harshen Ajawa ya ɓace a ƙasar Bauchi tun kafin samun 'yancin kai, masu shi suka koma Hausa. Don haka in na ga tsohuwa a Nkoroo tana yi wa jikanta magana yana amsawa da wani harshe, ba baƙon abu nake kallo ba, gidanmu nake gani. Na san yadda ake ji in an girma an waiwaya an tarar babu wanda za a tambaya.

Za a ce harsunan ƙasar nan sun haura 500, ina kuɗin rubuta littafi da kowanne? An taɓa yin wannan aiki a nan jihar, a lokacin da kuɗi bai kai na yau ba. Bayan ƙirƙiro jihar Ribas a 1967, aka kafa shirin littattafan karatu na Ribas, wanda marigayiya Farfesa Kay Williamson da masanin tarihi Farfesa E. J. Alagoa suka tsaya a kansa tare da malamai da dattawan kowace al'umma. Sun fitar da littattafan koyon karatu da jagoran malami cikin harsuna kimanin ashirin. Na taɓa riƙe ɗaya a hannuna a gidan wani tsohon hedimasta, bangonsa ya ci gara, ya naɗe shi cikin leda ya ajiye a akwatin ƙarfe. Shafin farko hoton kwale-kwale ne. Mutanen Obolo kuma da ƙarfin kansu suka daidaita rubutun harshensu, suka wallafa littattafai, suke koyar da 'ya'yansu. Tushe yana nan, da tsohuwar zuma ake magani.

Ranki ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Muna roƙon Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta sake duba shawararta a zamanta na gaba. In shekara shida ta yi yawa, a mayar da mu ga tanadin da ya daɗe, a bar yaro ya fara karatu da lissafi da kimiyya da harshen gidansu a shekaru uku na farko, ana koya masa Turanci a matsayin darasi da malamin da ya iya shi. In ba za a yi wa ƙasa duka ba, a ba jihohi da al'ummomin da suke da rubutu da littattafai a hannu izinin ci gaba. Muna kuma roƙon a wallafa alƙaluman da aka dogara da su, jiha-jiha, makaranta-makaranta, a nuna inda aka koyar da harshen uwa da gaske da sakamakon da aka samu, don malamai da iyaye su gani da idonsu.

Tun kafin wannan, muna roƙon takarda ɗaya daga ofishinku zuwa ga hukumomin ilimin firamare na jihohi, mai cewa sabuwar manufa ba ta halatta duka ko tara a kan yaron da ya yi yarensa ba, kuma malami yana da damar yin bayani da harshen da yaro ke ji in bai gane ba. Wannan ba ya cin kwabo.

Muna roƙon a sa Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa ta nemo littattafan shirin Ribas, a sabunta su, a sake bugawa. A kuma haɗa Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya da ke Aba, da Jami'ar Fatakwal, da Cibiyar Binciken Teku da ke Legas, su tura matasan yankin da na'urar naɗar murya su zauna da tsofaffin masunta da matan da ke tsintar isam. A naɗi sunayen kifaye, da matakan ruwa, da iskoki, da lunguna, kowane suna a haɗa shi da hoto da wurinsa a taswira, a bar kwafi a hannun al'ummar da ta ba da shi. A fara da Defaka da Nkoroo, domin can ne lokaci ya fi ƙurewa. Abin da aka tara ya koma aji a matsayin littafin kimiyyar firamare na makarantun bakin teku. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2022 zuwa 2032 don harsunan 'yan asali, kuma shekarun suna tafiya.

Game da kuɗi, ba sai an jira kasafin ma'aikatarku kaɗai ba. Dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanonin haƙar mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwar da suka kashe a shekarar baya cikin asusun al'ummomin da suke aiki a ƙasarsu. Ga Hukumar Raya Yankin Neja Delta, ga HYPREP, ga Ma'aikatar Harkokin Teku da aka kafa a 2023. Muna roƙon ki yi amfani da kujerarki ki zaunar da su, a ware wani kaso don wannan aiki, da kuma ɗaukar 'ya'yan masunta aikin koyarwa a garuruwansu. Baƙon malami irina yana iya ƙoƙarinsa, amma wanda ya tashi yana kwalfe ruwa a jirgin ubansa shi ya fi dacewa da ajin nan.

Roƙonmu na ƙarshe shi ne ki zo, ko ki turo wanda kika amince da shi, ya kwana biyu a ɗaya daga makarantun nan, ya zauna a bencin baya ya saurari yara. In za a zo, a duba wata, a zo lokacin tsayuwarsa ko tsakanin goma sha uku da goma sha shida gare shi, a taso daga Fatakwal da sassafe tare da direban da ya san sunayen hanya, domin a sauran kwanaki jirgi ba ya kaiwa bakin makarantarmu sai an yi doguwar jira.

Allah Ya yi muku jagora, Ya ba ku ikon yin adalci. Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani malamin firamare ɗan asalin Yawuri, mazaunin jihar Ribas, a madadin 'yan'uwansa malamai da fataken kifi.